Hannun Da Ke Cikin Aljihu

Shafi na 27

Masu cewa na gudu, ban gudu ba, aiki ne ya riƙe ni. Wanda kuma ya rubuto cewa Margo ba ta san ƙwallo ba, ya karanta wannan tukuna, sannan ya dawo mu yi magana.

*

Ƙarfe biyar na yamma ta ɗan gota. A waje rana tana nan da sauranta a kan Portland, amma ɗakin zaɓe na 'Yan Zarto, ƙungiyarmu ta ƙwallon Amurka, ba shi da taga, babu wanda ya san da ita.

Yau aka fara zaɓen sababbin 'yan wasa daga makarantu, ƙungiyoyi suna ɗauka bi da bi, kowace da ƙayyadadden lokacinta. Ƙungiya ta farko ta riga ta ɗauki nata, wani ƙaton mai tsaron baya. Ta biyu tana kan agogo. Daga ita sai mu.

Margo Tillery, babbar manajar ƙungiyarmu, tun safe ba ta zauna ba. Ita ce ta ba da zaɓinmu na farko na baɗi da na shekarar da ke bi masa, don kawai mu hau lamba ta uku yau. Duk saboda kwatabak, mai jefa ƙwallon nan da ƙungiya ke tashi ko faɗuwa a hannunsa. Mun daɗe ba mu da na kirki. Wanda ta kawo mana a baya ya fi iya jefa wa abokan karawa ƙwallo fiye da namu. Mai ƙungiyar, Mista Pettibone, tsohon attajirin katako, ya faɗa mata a gaban kowa cewa in ta sake kuskure ta kwashe kayanta.

Sunaye biyu ne suka rage a kan allo. Deacon Whitlow, ɗan babbar jami'a, wanda Koci Hollis ke mutuwar so. Da Julen Bastida, ɗan makiyayan tumaki daga Idaho, wanda Margo ta ɗora aikinta a kansa.

"Har yanzu ba ki makara ba," in ji Koci, yana ɓare gyaɗa yana watsa ɓawon a kofi. "Whitlow zai jefa ƙwallo daga nan ta sauka a ƙofar gidanku. Naki kuwa da su wa ya yi wasa? 'Yan makarantar koyon noma."

"Yana jefawa da nisa, ban musa ba. Inda za ta sauka ne shi ma bai sani ba."

"Wannan ai aikina ne, in koya masa."

"Haka ka ce a kan na wancan karon."

Aka ɗan yi dariya. Orval Sykes ne kaɗai bai yi ba. Orval shi ne mai yawon duba mana 'yan wasa a yankin duwatsu, shi ya gano Julen tun ba wanda ya san sunansa, har ya zama kamar ɗan gida a wurinsu. Mutum ne da ba ya barin faranti da saura, amma yau ko kallon abincin da aka jera bai yi ba.

Talabijin ta nuno Whitlow a birnin da ake taron, cikin farar kwat, da agogon zinare, yana murmushi. Sai aka juya zuwa kyamarar da aka kafa a gidan su Julen. Shi ya ƙi zuwa taron, ya ce a gida zai jira.

Dogayen tebura a tsakar gida, mutane cike, gasasshen rago, tsiran alade, burodin tukunya. A gaban Julen an jera hulunan ƙungiyoyi, wadda ta kira shi ya ɗauki tata.

Mista Pettibone ya nuna da sandarsa. "Ga mutanenka can, Orval. Duk wannan taron gida ɗaya ne? Ko har da tumakin aka gayyato?"

"Tumakin suna kan tebur, ranka ya daɗe," in ji Koci.

Tsohon ya bushe da dariya har da tari.

Margo ba ta ji su ba. Ta matsa kusa da talabijin, har hasken yana dukan fuskarta. Wata gajeriyar tsohuwa take kallo, mai baƙar riga, tsaye a kan Julen. Kakarsa ce, wadda duk gidan ke kira Amuma.

"Orval."

"Na'am, Shugaba."

"Tuna min labarin ranar da ka fara cin abinci a gidan nan."

"Wanne daga ciki?"

"Na wuƙa."

Koci ne ya karɓe.

"Ni ma na haddace shi, sau nawa ya ba mu. Ya ce wa tsohuwar don Allah ta ɗan yanko masa nama, ta dube shi sama da ƙasa ta ce, kai hannunka na ado ne? Ya ce ko limamin cocinsu da kansa yake yanka nasa."

"Haka ne, Orval?"

"Haka ne."

"To me ya sa take yanka wa Julen nama ƙanana-ƙanana kamar ɗan yaye?"



Kowa ya koma kallon talabijin. Amuma ta gama yankawa, ta tura masa farantin. Julen ya ɗauki cokali da hagu. Wani kawunsa ya zo ta baya ya miƙo hannu, ya ba shi hagun. Duk mazan wurin sun naɗe hannun riga saboda ɗumi, shi kaɗai ke sanye da rigar sanyi. Hannun damansa yana cikin aljihu.

"Tun da aka fara nuno shi bai fitar ba," in ji Margo. Ta juyo. "Orval, dube ni."

Ya ɗago da ƙyar.

"Me ya sami hannun yaron nan?"

"Shugaba, ki bari mu fita waje."

"A nan. Me ya same shi?"

Ya cire tabarau, ya goge da gefen riga, ya mayar.

"Ran Litinin ne. Kin san lokacin yanke wa 'yan raguna wutsiya ne, a gidansu duk namiji sai ya shiga shinge, ba a ɗauke wa kowa. Wakilinsa ya hana shi, babansa ma ya ce ya zauna. Yaron ya ce ba zai zauna a mota yana kallon tsoho da ciwon baya yana kokawa da tumaki ba. Wata tunkiya ta zabura ta bangaji ƙofar ƙarfe, hannunsa yana jikin sakata."

Koci ya ajiye kofin gyaɗarsa a hankali.

"Tsaya. Tunkiya?"

"Tunkiya."

"Mun sayar da shekara biyu, tunkiya ta karya mana kwatabak?"

"Bai karye ba. Tsagewa ya yi. Ƙashin da ke bayan babban yatsa."

"Wane asibiti suka je?" in ji Margo.

Orval ya kawar da kai.

"Na ce wane asibiti?"

"Ba su je ba. In suka je labari zai fita. Likitan dabbobinsu ne ya ɗauki hoton ƙashin."

"Likitan dabbobi," in ji Mista Pettibone. Ya taɓa na'urar da ke kunnensa. "Ko dai abin nan ya fara lalacewa? Likitan dabbobi na ji?"

"Mutumin ya san aikinsa, ranka ya daɗe. Ya ce kafin a fara wasa a kaka ya warke."

"Ya warke ya ci ciyawa, ko ya warke ya jefa ƙwallo?"

Margo ba ta ɗaga murya ba. "Yaushe ka sani?"

"Ran Talata. Babansa ya kira ni."

"Ran Laraba muka zauna ni da kai a ofishina. Na ce maka, Orval, akwai abin da ya kamata in sani? Me ka ce?"

"Na ce babu."

"Ka san abin da Mista Pettibone ya faɗa min a gaban kowa?"

"Ina wurin."

"To?"

"Shugaba, na san yaron nan. Na gan shi yana wasa cikin ƙanƙara da tsagaggen haƙarƙari. Da na faɗa, Koci zai samu abin da yake nema, a ɗauki mai farar kwat, bayan shekara biyu duk a kore mu tare. Na ce bari in yi shiru a ɗauke shi, in ya so a kore ni ni kaɗai."

"Ka yanke min hukunci ke nan."

"Na yanke."

"Za mu yi wannan maganar. Ba yanzu ba."

A talabijin shugaban gasar ya hau mumbari, 'yan kallo suka yi masa ihun da suka saba. Ya buɗe kati ya karanta. Ƙungiya ta biyu ta ɗauki mai cafke ƙwallo.

Whitlow yana nan. Julen yana nan.

Agogon bango ya kunna, minti goma, ya fara cin kansa.

Jar wayar da ke tsakiyar tebur ta yi magana. Clement ne, mutuminmu da ke zaune a teburin 'Yan Zarto a can zauren taron, wanda ke miƙa katin da aka rubuta suna.

"Margo, mun hau agogo. Katin yaronki yana hannuna tun safe. Kalma ɗaya nake jira."

"Rubuta na Whitlow," in ji Koci.

"Shi ma na rubuta, Koci. Ba yau na fara ba."

"Riƙe su duka," in ji Margo.

Mista Pettibone ya buga sanda a ƙasa. "Riƙe me? 'Yar nan, ni ban san ƙwallo kamar ku ba, amma na san itace. Ga mai lafiya, ga mai tsaga. Ɗauki mai lafiya mu je mu ci abinci."

"Sai na kira shi."

"Ki kira shi ki ce me?"

"Abin da ake cewa."

Kun san yadda ake yi. Likitoci suna duba kowane yaro tun watan Fabrairu, daga nan ba mai sake taɓa shi. Don haka ba a miƙa kati sai an kira yaro an ji muryarsa, an ce lafiyarka ƙalau? Tambayar ta daɗe da zama ta baki kawai. Yaro na kuka, uwa na kuka, wa ke sauraron amsa.

Ta buga lambar, ta buɗe murya yadda kowa zai ji, ta ajiye wayar a kan tebur.

Ihu ne ya fara shigowa, da tafi, da bugun tebur. Hoton talabijin yana ɗan makara, sai da suka ji ihun sannan suka ga mutanen sun miƙe.

"Julen, Margo Tillery ce daga Portland."

"Barka da yamma, Madam."

"Kada ka yi murna tukuna. Ce musu su yi shiru."

Ya faɗa. Hayaniyar ta lafa a hankali.

"Lafiyarka ƙalau?"

Wata murya a gefensa ta yi raɗa, amma wayar ta kwaso ta. Kessler ne, wakilinsa.

"Ce ƙalau. Ce ƙalau mana!"

"Madam, ban yi faɗa ba, ban sha komai ba, 'yan sanda ba sa nemana."

"Ba shi na tambaye ka ba."



"Baba Orval yana nan?" in ji Julen.

"Yana nan. Ya ba ni labarin tunkiya."

"To kin sani."

"Na san abin da likitan shanu ya ce. Ni idona nake so ya gani. Hularmu tana gabanka?"

"Tana nan."

"Ɗauke ta da hannun dama."

Orval ya miƙe tsaye. "Shugaba, a'a."

Ta ɗaga masa hannu ba tare da ta dube shi ba.

"Madam," in ji Julen, "kyamara tana kaina."

"Na sani. Ita nake kallo."

"Ba ke kaɗai ke kallo ba."

"Wannan ma na sani."

"In na fitar, za ki ɗauke ni?"

"Ban ce ba."

"In na ƙi fa?"

"In ka ƙi, in kashe wayar nan in kira Whitlow."

Aka ji kokawa, sai muryar Kessler ta cika ɗakin.

"Margo! Kessler ne. Wannan rashin imani ne, kin ji ko? Wace doka ce ta ce yaro ya tuɓe a gaban duniya? Ki ɗauke shi, gobe da safe in kawo miki shi da kaina, likitocinku su juya shi yadda suke so."

"Gobe da safe katin ya riga ya tafi. Ba shi wayar."

"Za ki kashe masa rayuwa!"

"Kai da ka kai shi wurin likitan shanu? Ba shi wayar, Kessler, agogo nake kallo."

Rabin lokacin ya tafi. Koci yana kallon agogon yana kaɗa ƙafa.

Sai wata tsohuwar murya ta yi magana a can, gajeriya, cikin yarensu na Basque. A talabijin an ga Amuma ta zare wayar daga hannun Kessler kamar ta karɓe wuƙa a hannun yaro, ta kara wa jikanta a kunne.

"Me ta ce?" in ji Margo.

Orval ya fassara. "Ta ce ya fitar. Ba sata ya yi da hannun ba."

Suka zuba wa talabijin ido.

Julen ya zaro hannun.

An naɗe shi tun daga wuyan hannu da shuɗin bandejin nan da ake ɗaure ƙafar doki da shi. Yatsun sun kumbura, sun yi baƙi-baƙi. Ya kai hannun kan hular 'Yan Zarto, ya kama bakinta da babban yatsa da manuni. Ta zame. Ya sake kamawa. Wannan karon ya ɗaga ta, har daidai fuskarsa, ya riƙe. Gumi yana bin gefen kunnensa.

"Na ɗauka, Madam."

Margo ta juya wurin likitan ƙungiya da ke zaune a ƙarshen tebur. "Dokta?"

"Babban yatsan yana motsi, yana kuma matsewa. Alama ce mai kyau."

"Zai jefa ƙwallo?"

"Ta talabijin kike so in rantse miki? Zai iya warkewa sarai. Zai iya warkewa ya bar masa sanyi a hannu, ƙwallo ta riƙa zame masa in ana ruwa."

"A Portland," in ji Koci. "Inda ruwa ba ya hutawa."

Masu sharhi a talabijin sun rikice, kowa na magana a kan kowa. Aka tsayar da hoton hannun, aka zagaye shi da jan layi, aka ƙara masa girma. Wayoyin gefe, waɗanda tun ɗazu wasu ƙungiyoyi ke bugowa suna roƙon mu sayar musu da lamba ta uku don su ɗauki Julen, duk suka yi shiru lokaci ɗaya.

Koci ya dubi wayoyin. Ya dubi Margo. Sai ya fara murmushi.

"Kai! Margo, ashe haka kike?"

"Haka nake yaya?"

"Ranka ya daɗe, ka ga abin da ta yi? Yanzu duk ƙungiyoyin nan sun ga hannun. Ba mai taɓa shi yau. Gobe ma ba mai taɓa shi. Mu ɗauki Whitlow yanzu, jibi mu tsinci wannan a zagayen zaɓe na huɗu ko na biyar, kusan kyauta. Kwatabak biyu!"

Mista Pettibone ya ɗan yi jim, sannan abin ya shige shi. Ya kwashe da dariya yana dukan tebur.

"'Yar nan, na janye maganata! Ni da na tsufa ina sayen daji ban taɓa ganin ciniki irin wannan ba. Kin karya masa farashi a gaban duniya, da hannunsa! Jibi mu saye shi a gwanjo. In ya warke mun ci riba. In bai warke ba ya koma wurin tumakinsa, ba mu yi asarar komai ba."

Margo ta tsaya kamar an dasa ta. Ni dai na yarda wannan lissafin bai zo mata a rai ba sai da ta ji shi a bakinsu. Ku kuma kowa ya yanke nasa hukuncin.

"Ba don haka na sa shi ba," in ji ta.

"Ko don me kika sa shi, ya yi kyau," in ji Koci. "Clement, shirya na Whitlow."

Orval ne ya nuna tebur da yatsa.

Wayar Margo tana nan inda ta ajiye ta. A buɗe.



"Na ji, Madam," in ji Julen. "Tamu ma a buɗe take, duk mun ji. Amuma ma ta ji, ita ke riƙe da wayar."

Koci ya dafe kai. Mista Pettibone ya daina dariya, amma bai ji kunya ba, ba irinsa ba ne.

"To ya ji, sai me? Kasuwa ce. Shi ma ai ɓoye mana ya yi."

Jar wayar ta yi magana. "Margo, agogo ya kusa cinyewa. In ya ƙare ta huɗu za ta tsallake mu. Wanne zan miƙa?"

"Whitlow," in ji Mista Pettibone. "Faɗa masa."

"Ranka ya daɗe, takardar aikina ta ce zaɓi nawa ne."

"Takardar aikinki ni na sa mata hannu."

"Na ce ya fitar, ya fitar."

"Kin ce ba ki yi masa alkawari ba, da kunnena na ji. Kunnen da ke aiki, ba ɗayan ba."

"Ban yi ba."

"To me ya rage?"

"Margo," in ji Koci, ya sassauta murya. "Ba wasa nake ba yanzu. In hannun nan bai warke ba, ba ke kaɗai za ki tafi ba. Ni ma da 'ya'yana a makaranta. Ɗauki Whitlow. Jibi ni da kaina zan kira yaron in ba shi haƙuri."

Ta dubi talabijin. Julen bai sauke hular ba. Tana nan a hannun, hannun yana karkarwa.

"Margo!" in ji Clement.

Ta sunkuya kan jar wayar.

"Bastida. Miƙa."

Mista Pettibone ya yunƙura ya miƙe, sandarsa ta faɗi ƙasa.

"Na kore ta! Clement, kana jina? Na kore ta tun kafin ta rufe baki! Ba ta da ikon komai a nan! Whitlow na ce!"

Hayaniyar zaure kawai ke shigowa ta wayar.

"Clement!"

"Ranka ya daɗe, katin ya bar hannuna."

Tsohon ya koma ya zauna. Wani ya ɗauko masa sandar, ya fizge.

Shugaban gasar ya sake hawa mumbari. Ya ce da zaɓi na uku, 'Yan Zarto na Portland sun ɗauki Julen Bastida, kwatabak. Magoya bayanmu da suka je zauren, masu fenti a fuska da zarton roba a hannu, suka ɓarke da ihun ƙi. Su ma sun ga hannun. Aka nuno Whitlow yana gyara wuyan farar kwat ɗinsa, yana ƙoƙarin riƙe murmushi.

Aka koma Idaho. Duk tsakar gidan ba mai tafi. Mutum sama da hamsin a tsaye, kamar a bakin kabari.

Margo ta ɗauki wayarta. Ba ta rufe muryar ba, ba sauran abin ɓoyewa.

"Julen. Barka da zuwa Portland."

"Na gode, Madam. In tambaye ki?"

"Tambayi."

"Da gaske an kore ki?"

Ta dubi Mista Pettibone. Bai dube ta ba, bango yake kallo.

"Kafin a rufe ginin nan yau ki ajiye makullanki a ƙasa," in ji shi.

"Ka ji da kunnenka," in ji Margo.

"Baba Orval fa?"

"Shi ma ya bi ta," in ji tsohon. "Da likitan shanunsa."



"To wurin wa zan zo ke nan?"

"Wurin ƙungiya za ka zo. Ƙungiya ba mutum ɗaya ba ce."

"A ɗakin nan mutum biyu ne suke so na, Madam, an kori duka biyun ina ji. Saura kocin da zai kira ni jibi ya ba ni haƙuri, da dattijon da zai saye ni a gwanjo."

Koci ya matso da sauri. "Ɗana, Koci Hollis ne. Maganar ɗaki ce kawai, ka san yadda ake yi, ba a ɗaukar ta da zafi."

"Na sani, Koci. Mu ma haka muke magana a kan tumaki. Sai dai mu ba ma yi a gabansu."

"Julen, saurare ni," in ji Margo. "Na ba da aikina a kan katin nan. In ka zo ka yi wasa, duk abin da aka faɗa yau ya mutu. In ba ka zo ba, shekara guda za ka zauna ba ƙungiya, ba albashi, da hannun da ba wanda ya san ƙarshensa. Kessler yana nan, tambaye shi."

"Gaskiya ta faɗa!" in ji Kessler daga can. "Sa hular! Don girman Allah sa hular, kyamara na jira!"

"Kin ce in ɗauke ta, na ɗauka," in ji Julen. "Ba ki ce in sa ba."

"To yanzu na ce. Sa ta."

"Yanzu ba ke ce manaja ba, Madam."

Layin ya mutu.

Hoton ya makara kamar kullum. Sai da wayar ta yi shiru a hannunta sannan suka ga ya sauke hular a hankali ya ajiye a kan tebur, ya mayar da hannun cikin aljihu.

Amuma ta ture hular gefe, ta jawo masa farantinsa.